Daren da Ruska Ta Kwanta Mini a Hanya

Alta,
14 ga Janairu, 1989.

Zuwa ga Yayata Gunvor,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewar yayarta, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya a can Seattle, ke da Sverre da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya tsare Sverre duk ranar da jirginsu ya fita kamun kifi, ya dawo miki da shi lami lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Kin san a nan arewa rana kan ɓace wata biyu a lokacin sanyi, kuma ba ta fito mana ba tukuna, amma da tsakar rana gefen sama yakan yi ja na ɗan lokaci, kuma surukata Inna Ragna ta ce saura mako guda mu gan ta, har ta sayi fulawar burodin da za ta toya ranar. Babanmu ya rubuto daga Setesdal, ya ce gwiwarsa da sauƙi, yana ƙorafin ba ki aiko masa da hoton Ingunn ba. Ƙafar Eilif tana haɗuwa a hankali. Tun da ya faɗo daga kan rufin nan a watan Nuwamba yana kwashe ƙanƙara, likita ya ce ba zai taka ba sai an shiga Maris. Ƙunshin da kika aiko na Kirsimeti ya iso, littattafan nan guda huɗu na cinye su cikin kwana shida, ita kuwa ’yar rakodar da kaset ɗin da kika naɗa mini, su ne dalilin wannan doguwar takarda. Ki nemi wuri ki zauna.

Kin san karnukan Eilif guda takwas shi ya raine su tun idanunsu ba su buɗe ba. Karen jan keken kan ƙanƙara kuwa, irin keken nan mai sulɓi marar taya, in ya kwana uku a ɗaure ba ya gudu, lalacewa yake farawa, ya yi ta haushi yana cin sarƙarsa. Surukina Baba Edvin ya yi ta fita da su har ƙarshen Disamba, sai bayansa ya ƙi. Ran nan muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce ya yi magana da wani Veikko na can tsallaken iyakar Finland, zai zo da mota ranar Lahadi ya kwashe su, don shi ba zai zauna yana kallon dabbobi suna ruɓewa a kan sarƙa ba. Eilif ya ja sandunansa ya shiga ɗaki ya juya fuskarsa bango. Yaya, shekara biyu da aurenmu ban taɓa ganin bayan mijina ya ƙanƙance haka ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe na ce ni zan riƙa fita da su ba.

Baba Edvin ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko ’yar littafi ce ta yi magana, ko kuwa kunnensa ne ya fara tsufa. Haka yake kirana, ’yar littafi, tun ranar da na bar madara ta ƙone ina jiran in ga ko wata baiwar Allah ta cikin littafi za ta yarda ta auri likita. Ya ce zagaya gari da karnuka huɗu a bayan Eilif ba tuƙi ba ne, yawon shan iska ne. Inna Ragna ta ce masa ya ji kunya, shi da ya fara tuƙi ai sai da karnuka suka ja shi a kan ciki har ƙofar coci mutane suna kallo. Ya yi kamar bai ji ba. Can dai ya gindaya sharaɗi. Ya ce a bukkar da ke bakin tafkin Ruossa, kilomita arba’in daga nan ta kan tudu, ya manta jakar fatarsa ta kofi a rataye a jikin ƙusa. In na ɗaura duka takwas ɗin, na je ni kaɗai na dawo masa da ita kafin wayewar garin Asabar, kuma babu kare ko ɗaya da ya dawo a kwance cikin keke, to Veikko ya sha zamansa. In ba haka ba, kada wanda ya sake yi masa maganar.

Ranar Juma’a da ƙarfe huɗu na yamma na ɗaura su, duhu ya riga ya rufe. Sanyin ya kai talatin da ɗaya ƙasa da sifili. Eilif ya fito bakin ƙofa a kan sandunansa yana ta maimaita mini abin da na sani, wai ko me ya faru kada in saki keke, ko na faɗi in riƙe, ko suna jana a ƙasa in riƙe, don kare ba ya juyowa ya ɗauki wanda ya bari. Baba Edvin abu ɗaya ya faɗa. Ya ce a cikin duhu ido ba ya tuƙi, kunne ke yi, in buɗe kunnuwana in rufe bakina. Na ce to. Amma Yaya, a aljihun rigata ta waje akwai rakodarki, abin jin da ake sawa a kunne kuma yana ƙarƙashin hulata ta gashi. Zan gaya miki gaskiya, ba sanyi nake tsoro ba, ba duhu ba. Shirun nan na kan tudu nake tsoro. Karnuka kafin a tashi kamar za su tsaga gari da ihu, amma da zarar an cire ƙugiyar da ke riƙe keken daga ƙanƙara sai su yi tsit, ba ki jin komai sai numfashinsu. Ni kuwa in wuri ya yi shiru, kaina ne ke fara ƙirƙiro abubuwa, kin san halina tun muna kwana ɗaki ɗaya.

Da muka wuce gida na ƙarshe na danna rakodar. Sai ga gogen nan na garinmu, wanda ake yi a bikin Gwaggo Åse, ya cika mini kai. Ina ma kina nan! Fitilar goshina tana haska bayan karnuka takwas, tururin bakinsu yana tashi yana daskarewa a gashinsu, ƙafafunsu suna sauka daidai da kiɗan kamar sun taɓa jin sa. Muka haura daga cikin itatuwa muka fito fili, taurari suka sauko har kusa da ƙasa ta kowane gefe, koren hasken nan na sama yana kaɗawa kamar labule. Na kashe fitilar ma, don farin ƙanƙarar ya isa. Na ce a raina duk matan da na karanta labarinsu babu wadda aka taɓa ba irin wannan daren, su da ake ɗauka a keken doki wani yana riƙe da linzami. Ni ce da linzamina. Da na juya kaset ɗin, waƙoƙin rawar nan da muke ji a rediyo muna ’yan mata suka fara, sai na kama bin su da baki. Ganga in ta cika zaƙi, an ce fashewa za ta yi.

Abin da ban yi tunani ba shi ne batir ba ya son sanyi. Wajen kilomita talatin kiɗan ya fara ja, muryar mai waƙar ta yi ta nutsewa har ta koma kamar ta tsoho mai mura. Maimakon in kashe, sai na ƙure ƙarar, na ɗaga tawa muryar don in taya ta. A haka muka iso inda hanya ta rabu biyu, ta dama ta bi sawun masu kiwon barewa, ta hagu ta gangara kan tafki. Na ce wa Ruska hagu. Ruska ita ce jagora, karya ce ’yar shekara bakwai, ƙarama, mai fari a ƙirji, ita kaɗai take tafiya a gaba sauran suna bin ta bibbiyu, na bakwai shi kaɗai. Ta waiwayo ta dube ni, kunnuwanta a kwance. Na sake cewa hagu, na ƙara na uku. Sai kawai ta rage gudu, ta tsaya, ta kewaya sau ɗaya ta kwanta a tsakiyar hanya ta cusa hancinta ƙarƙashin wutsiya. Sauran bakwai suka dube ta, ɗaya bayan ɗaya suka kwanta.

Na taka ƙugiya cikin ƙanƙara, na zare abin jin daga kunnena, sai a lokacin na ji maƙogwarona yana zafi. Ashe ihu nake yi. Wanda ya toshe kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. Su kuwa karnukan gidan nan da raɗa aka horar da su. Baba Edvin in zai ce dama ko hagu, ko wanda ke zaune cikin keken ba ya ji sosai, Eilif ma haka ya gada. Ba a ɗaga musu murya sai in sun yi babban laifi, kamar faɗa ko bin barewa. Ke nan na yi wajen awa guda ina zabga musu waƙa da ƙarfi suna haƙuri, sannan na rufe Ruska da tsawa har sau uku alhali ba ta yi komai ba. Zuciya ta yi, ta ajiye aiki. Kuma duk wanda ya san karnuka zai gaya miki, mutum ba ya tilasta musu. Ba linzami gare su ba, ba bulala. In jagora ta ce ba ta zuwa, to an zauna ke nan.

Na kwantar da keken a gefensa don kada su zabura su tafi da shi, na je gaba na kama Ruska a wuya na ɗaga. Ta saki jiki kamar jiƙaƙƙen tsumma, ina saki ta koma. Na yi ta roƙo, na yi ta ja. Na fashe da kuka, hawayen suka daskare suka manne mini gashin ido. Kilomita goma zuwa bukka, talatin zuwa gida, sanyi ya fara shiga yatsun ƙafata don na daina motsi. Ko da na tsira da raina, in gari ya waye aka zo nemana da babur ɗin ƙanƙara, magana ta ƙare, motar Veikko za ta zo. A littattafaina daidai nan ne ake hango wata fitila daga nesa. Na duba gabas na duba yamma, Yaya, har da gaske na duba. Babu kowa.

Sai na tuna wata magana da Inna Ragna ta taɓa yi muna wanke kwanoni, wai shekara arba’in da ɗaya da aurensu Edvin bai taɓa ba ta haƙuri ba, amma ta sha leƙa taga ta gan shi a durƙushe yana ba kare. Na tuna yadda yake yi duk lokacin da aka tsaya. Ba ya fara zuwa wurin jagora. Daga baya yake farawa, ya cire safar hannu, ya bi su ɗaya ɗaya. Na koma wurin keke na ɗauko daskararren kifin da na yayyanka, na fara da manyan biyun nan na kusa da keke. Na ba kowanne yanka guda, na cire safata na duba ƙafafunsa da hannu tsirara. A ƙafar Troll, babban baƙin nan, na tarar takalmin ƙyallensa ɗaya ya faɗi, ƙanƙara ta dunƙule tsakanin yatsunsa kamar tsakuwa, har wurin ya fara ja. Wa ya san tun yaushe yake ɗingishi? Da kunnena a buɗe yake da na ji takunsa ya canza. Na narkar da ita da numfashina da yatsuna, na sa masa sabon takalmi. Haka na bi su, hannuna yana mutuwa ina cusa shi a hammata yana dawowa, har na iso kan Ruska.

Ban taɓa ta ba da farko. Na ajiye kifin a gaban hancinta, na zauna a ƙanƙara kusa da ita na juya mata gefe. Na gaya mata a hankali cewa ni ce da laifi, ba ita ba, ta yi haƙuri. Na gaya mata zancen Eilif da bangon da yake kallo. Kada ki yi mini dariya, ba ni da wanda zan gaya wa sai ita. Muna zaune sai na fara jin abin da nake gudu. Ashe ba shiru ba ne. Ƙanƙarar tafki tana nishi daga can ƙasa kamar ƙofar tsohon ɗaki, numfashina yana ’yar ƙara a iska in ya daskare, can nesa ƙwarai ƙararrawar wuyan wata barewa tana kaɗawa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, sai na ji tana tauna kifin. Na ƙara jira. Sannan na miƙa hannu na duba ƙafafunta huɗu, ta bari. Na tashi ba gaggawa, na koma na tayar da keken, na hau, na cire ƙugiya. Na buɗe baki na ce to mu je, da muryar da ko ni da ƙyar na ji. Babu wanda ya motsa. Sai Ruska ta miƙe, ta girgiza jiki, ta ja igiya ta miƙe sambal, ta karya hagu da kanta ba tare da na sake faɗa ba.

Na isa bukkar na hura murhu, na shimfiɗa musu ciyawa, na narka ƙanƙara na dama musu abinci da ɗumi, sai da suka ci suka kwanta sannan na sha nawa shayin. Jakar kofin tana nan a jikin ƙusarta. Bayan awa uku muka juyo, rakodar tana can ƙasan kaya. Duk tsawon hanyar nan da kunne na yi tuƙi, kuma na gane abin da tsohon yake nufi. Ƙarar keke a kan tafki daban, a kan tudu daban, in kare ɗaya ya saki igiya ma ana ji.

Ƙarfe biyar saura na asuba muka shigo gida. Baba Edvin yana tsaye a waje da fitila, Inna Ragna ta ce tun ƙarfe biyu yake fita yana shiga wai iska yake sha. Ko kallona bai yi ba. Ya durƙusa da wannan bayan nasa ya bi ƙafafu talatin da biyu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan ta Troll, ya wuce. Muka shiga ciki na ajiye masa jakar a tebur, na cire hula. Sai ya ɗaga fitilar ya haska gefen kaina. Ƙarfen abin jin nan ya daskare a jikin fatata, ya bar mini farin tabo a saman kunnuwa biyu, dama da hagu daidai wa daida. Ya tambaya wane irin sanyi ne wannan mai awo da ma’auni. Yaya, jakar tana kan tebur, karnuka takwas sun dawo da ƙafafunsu, da na ce hula ce ta matse ni da ba mai ja. Amma na ga in na fara da ƙarya, kullum na fita da ita zan fita. Na faɗa masa komai, da rakodar, da waƙar, da tsawar, da kwanciyar Ruska. Eilif yana bakin ƙofar ɗaki ya runtse ido.

Tsohon ya buɗe jakar, ya dafa kofin, ya sa sukari a baki ya kurɓa. Sannan ya tambaya minti nawa ta yi a kwance. Na ce ban duba agogo ba, amma ba ta kai awa ba. Ya tambaya da me na tayar da ita. Na faɗa masa. Ya juya kofinsa, ya ce shekara biyar da suka wuce ya fita da fushin wata gardama da suka yi da Ragna, ya huce a kan Ruska a daidai wannan mararrabar, ta kwanta masa. Ya ce shi da ya shekara hamsin yana tuƙi sai da ya kwana a wurin, da safe kuma ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya shiga gaba ya zama jagora da kansa, ya ja su kilomita goma har bukka. Inna Ragna ta dafe ƙirji ta ce au, daren da ya ce mata guguwa ce ta tsare shi ke nan? Ta yi ta dariya har da riƙe tebur, tana cewa ashe akwai macen da ta taɓa rama mata. Ya ce ta bar dariyar haka, in gari ya waye ta buga wa Veikko waya ta ce kada ya ɓata man motarsa. Eilif ya saki sanda ɗaya ya rungume ni da hannu guda, muka kusa faɗuwa mu biyu.

Kafin in kwanta Baba Edvin ya ce in kawo masa abin jin. Na miƙa, na ɗauka murhu zai jefa shi. Ya zaro wuƙarsa ya yanke wayar ɓangaren hagu, ya naɗe ƙarfen da ’yar fatar barewa, ya ce rakodar kuma a cikin riga ake sa ta a jikin fata, ba a aljihun waje ba, ko wannan ma sai an gaya wa mutanen kudu? Ya miƙo mini ya ce kunne ɗaya nawa, ɗaya nasu, bakina kuwa ba na kowa ba ne sai a mararraba. Ki yafe mini, kyautarki ta zama mai kunne ɗaya. Sau huɗu na fita tun daga ranar, gogen garinmu a dama, numfashin karnukana a hagu. Na ce karnukana, don jiya da wani maƙwabci ya zo aron igiya, na ji tsohon ya ce masa ya tambayi Solfrid, ita ke da karnuka bana. Solfrid ya ce, da sunana.

Ki gaida mini Sverre da kyau, ki ce Eilif yana tambayar labarin sabon jirgin. Ki sumbaci Ingunn da Tore, ki gaya musu ƙanwar mamarsu tana da karnuka takwas suna jiran su zo. Ki gaida surukarki Inna Borghild, Allah ya ƙara mata sauƙin idon. Inna Ragna tana gaishe ki, ta saƙa wa yara safa za mu aiko. Baba Edvin ma ya ce a gaishe ki. In kin rubuta wa Babanmu ki haɗa da hoton nan, amma zancen kwanciyar Ruska ki bar mini, ni zan gaya masa da kaina in na je da bazara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki Solfrid.